Mawaƙa Yara Kan Girma, Waƙarsu Ba Ta Tsufa

A farkon shekarun 2000, lokacin da faifan bidiyo ya soma ture kaset a kasuwannin Nijeriya, wata ƙungiyar mawaƙa yara mai suna Destined Kids ta ɓullo daga Owerri ta Jihar Imo. 'Ya'yan gida ɗaya ne, wato gidan Iwueze, kuma 'yan mata biyu daga cikinsu, Favour da Rejoice, su ne aka fi sani. Waƙoƙinsu na addinin Kirista ne, galibi cikin Ingilishi, sun kuma fitar da su a jerin faya-fayai masu suna Joy Joy Joy. Kafin a jima, muryoyin nan sun game ƙasa, har unguwannin Kaduna na kudancin kogi irin su Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha, inda Kiristoci suka ƙara yawa bayan rikice-rikicen 2000 da 2002. Lokaci ne na ƙunci a wannan yanki, domin masaƙun Kakuri na ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, amma faifai ɗaya mai arha yakan ishi yaran gida har da na maƙwabta.

Yau shekara ashirin ke nan da ɗoriya, waɗanda suka ji waƙoƙin suna ƙanana sun zama iyaye, amma ba su daina nemansu a YouTube ba. Wasu za su ce begen ƙuruciya ne kawai. Da gaskiyarsu, sai dai ba kowace waƙar wancan zamani ce ta sami wannan gata ba. Sirrin yana cikin ginin waƙoƙin: ɗango gajere, amshi mai maimaituwa, jagora ta ba da waƙa sauran su karɓa, ga rawa mai sauƙin kwaikwayo. Uwa uba, yaro yana ganin tsaransa ne a gaban na'ura, sai ya ji cewa shi ma zai iya. Ɗalibin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka waƙar gaɗa take a dandali tun kaka da kakanni.

Amma ƙungiyar da aka gina a kan 'ya'yan mutum ɗaya tana da wa'adi. Murya takan buɗe, karatu ya raba, aure ya zo. Haka ta faru ga 'ya'yan gidan Iwueze, kamar yadda ta faru ga Jackson 5 a Amurka tun kafin su. Ƙungiyoyin da suka daɗe su ne waɗanda suka jingina da makaranta. Ta yara maza ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya tana ƙirga tarihinta daga 1498, ita kuwa African Children's Choir an kafa ta a Uganda a 1984. Kowace shekara wasu su fita, wasu su shigo, waƙa tana nan.

To, a nan ne maganar ta shafi malami, musamman malamin Hausa. Babu wanda ake kawo wa sababbin muryoyi duk shekara ba tare da ya nema ba sai shi. A Kaduna ta kudancin kogi kuwa, Hausa ita ce harshen da ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Gbagyi da Bahaushe suke haɗuwa a kansa a kasuwa da filin wasa. Yaran makarantar Lahadi suna rera waƙoƙi da Hausa a majami'u, 'yan Islamiyya na Kakuri da Makera suna rera nasu a Maulidi da bikin saukar karatu. Kowane ɓangare yana yi a cikin gidansa, ɗaya bai san abin da ɗaya yake rerawa ba. Makarantar gwamnati ce kaɗai zauren da duka biyun ke zama a benci ɗaya, amma abin takaici, sau da yawa waƙar da ake rerawa a taron safe ta Ingilishi ce, wadda yaro ke haddacewa bai san ma'anarta ba.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar a watan Nuwamba na 2025 cewa ta janye tsarin koyarwa da harshen uwa, ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Sa'o'in da Hausa za ta samu a aji sun ragu ke nan, don haka tilas a ci moriyar kowane minti. Waƙa tana koyar da abin da allo ba ya iya nunawa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya bayyana tsawon wasali ko karin sauti, amma yaron da ya rera kalma daidai ya riga ya riƙe su. Haka ma ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke wahalar da wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne: amshi ɗaya da aka maimaita sau goma ya fi gyara goma da jan biro.

Akwai masu tsoron kada waƙa ta cinye karatu, ko a mayar da yara hanyar neman kuɗi. Tsoron yana da tushe, kuma tarihin yara masu suna a duniya ya tabbatar da shi. Maganinsa shi ne ƙungiyar ta tsaya a matsayin aikin makaranta: lokacin gwaji ƙayyadadde, da yardar iyaye, ba yawon biki da dare, kuma jagoranci ya riƙa zagayawa don kada a ɗora wa yarinya ɗaya nauyin suna. Jigon waƙa ya zama abin da kowane gida zai karɓa, kamar tsabta da ƙirga da sunayen garuruwa da girmama na gaba. Kayan aiki kuwa ba su wuce tafi da ganga ɗaya ba, sai wayar hannu da za a naɗi waƙar, domin 'yan aji ɗaya na baɗi su tarar da abin da 'yan aji shida na bana suka bari.