Ajiya A Wuri Ɗaya Ba Ajiya Ba Ce

Duk wanda ya bi ta tashar motar Unguwa Uku a Kano zai tarar da samari zaune gaban kwamfuta, suna tura wa matafiya wa'azi da waƙoƙi da fina-finai a cikin ɗan katin memori wanda bai fi farcen yatsa girma ba. A cikin irin wannan kati ne kuma ɗalibi yake zuba hoton sakamakon jarrabawarsa da takardar haihuwarsa, malami kuma ya zuba makin ɗalibansa na zango guda, kowa ya tafi da zaton ya yi ajiya. Haƙiƙa wannan zato kuskure ne, kuma makarantu ne ya kamata su fara gyara shi.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san cewa ma'adanar kwamfuta iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda ake kira RAM, inda na'ura take ɗora aikin da take yi a daidai wannan lokaci. Misalinta kamar allon almajiri ne, a rubuta a wanke. Da zarar wuta ta ɗauke, abin da ke kai ya tafi. Sa'an nan akwai ma'adana mai riƙe bayani ko da babu wuta, ita ma kashi uku ce. Na farko faifan maganaɗisu ne, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, mai nauyin kusan tan guda, amma bai ɗauki fiye da megabait 5 ba. Na biyu faifan sidi, wanda ya shiga kasuwa a 1982, ana karanta shi da hasken lesa. Na uku kuwa shi ne filashi, ƙirƙirar Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan cikin shekarun 1980. Shi ne yake cikin katin memori da wayar hannu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ajalinsa. Faifan maganaɗisu juyawa yake yi da gudu, faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Sidi yana karcewa, rufinsa kuma yana ɓarewa. Shi kuwa filashi, yana riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna, wannan caji kuma yana tsiyayewa sannu a hankali, zafi yana ƙara masa sauri. A garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, katin da aka manta a gaban mota yana cikin hatsari. Bugu da ƙari akwai katin jabu, wanda zai nuna wa waya cewa yana ɗaukar gigabait 64 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba; idan ya cika sai sabon bayani ya hau kan tsohon ya lalata shi, mai shi bai sani ba. Araha dai ba ta ado. Ko kati mai kyau ma ba ya tsira daga sata ko wuta, kamar yadda gobarar kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ta nuna a watan Yunin 2025.

Wani zai ce ai yanzu an huta, tunda ana iya ajiya a intanet. Akwai gaskiya a nan, amma ajiyar intanet ajiya ce a kwamfutar wani, bisa sharuɗɗan wannan wani. Kamfanin Google, alal misali, yana ba da gigabait 15 kyauta, sai dai tun Disambar 2023 ya ba kansa ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Wanda kuma ya manta kalmar sirrinsa, layin wayarsa ya ɓace, zai iya wayar gari a bakin rumbun da babu mabuɗinsa.

Ilmin halittu yana da darasi a kan wannan. Jikin ɗan Adam yana ajiye tsarin gininsa a cikin sinadarin DNA, wanda aka rubuta da haruffa 4 kawai, jerinsu ya kai kimanin biliyan 3. Wannan sinadari ba ƙarfe ba ne, kullum yana samun rauni. Abin da ya sa bayaninsa yake wanzuwa daga kakanni zuwa jikoki shi ne, kusan kowace ƙwayar halitta tana da kwafinta, kafin ta rabu gida biyu sai ta sake kwafa, akwai kuma sinadarai masu bin rubutun suna gyara kurakurai. Watau dai halitta ba ta dogara ga ƙarƙon mazubi ba, ta dogara ne ga yawan kwafi da yawan dubawa. Makarantun allo ma sun daɗe da sanin haka, domin gardi ba ya barin haddarsa ba tilawa.

Saboda haka, bai isa malamin kwamfuta ya sa yara su haddace cewa bit 8 ne suke yin bait 1 ba. Wajibi ne ya koya musu cewa duk takarda mai muhimmanci ta zauna a wuri 3: a waya, a wani filashi ko faifai da ke wani gida dabam, sa'an nan a intanet ko a bisa takarda. A riƙa buɗe ajiyar ana dubawa kowane zangon karatu. Sabon kati kuma a cika shi da kaya marasa muhimmanci, a tabbatar duka suna buɗewa, kafin a ba shi amana. Hukumomin makarantu su ma su daina barin makin ɗalibai a kwamfuta ɗaya tak. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, amma fa sai in an je ɗauka an tarar da ita.