Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Kwamfuta Na Arkilla



Ya ku 'ya'yana, na shaida hazaƙarku, kuma na san ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da dama sun tsira da kundin bincikensu albarkacin hannunku. Allah ya saka da alheri. Amma ba yabo ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Gaggawarku ce ta dame ni. Idan aka kawo muku fayil irin VDI ko VMDK ko qcow2, wato faifan kwamfutar da ake tayarwa a cikin wata kwamfuta, wanda ɗaukewar wuta ta riske shi yana tsakiyar rubutu har taswirar da ke nuna mazaunin kowane bayani ta rikice, sai ka ga ɗayanku, tun mai kaya bai rufe baki ba, ya sakar masa fsck ko qemu-img da umarnin gyara, alhali kuwa duk duniya babu wani kwafi sai wannan. Ashe ba ku san a kan asalin waɗannan manhajoji suke rubutu ba, abin da suka shafe kuwa ya shafu ke nan? Sau tari bayanan suna nan lafiya lau, taswirar ce kaɗai ta ɓaci, gyaran naku ne ya ƙarasa su. Wannan ba jahilci ba ne, sakaci ne da amana.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Malaman da suka riƙa kwafe Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya wallafa a 1812, ba sa kankare asali. Sai su kwafa, su yi muƙabala, in sun ga kuskure su yi hashiya a gefe. Da irinku ne suka riƙe littattafan nan, wallahi da marigayi Waziri Junaidu bai sami abin tarawa ba.

Ku yi mini afuwa in harshena ya yi kaifi. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ku kashe na'urar tukuna, ku kwafe fayil ɗin zuwa wani faifai, da ddrescue in faifan na ainihi ya fara gazawa, sa'an nan ku yi duk gwajinku a kan kwafin. TestDisk yakan maido da teburin rabon faifai. PhotoRec kuwa a bar shi sai an rasa dabara, domin fayiloli yake dawowa da su ba sunayensu. Wanda ya ce faifan ajiya ya yi tsada, to ya sa kuɗinsa cikin ladan aiki, ya gaya wa mai kaya dalili.

Wassalam.