Injiniyan Gona Mai Neman Tafinta

Bari in fara da abin da zai ɓata wa abokaina na sashen noma rai, tunda ɓatawar ba makawa: digirin noman da mai shi ba ya iya yi wa manomi bayani da harshen da manomin ke ji, rabin digiri ne. Ni ba noma nake karanta ba, ilimin harsuna nake yi. Amma ɗan manomi ne ni, hatsin gandunmu ne ya kawo ni jami'a, don haka ina da bakin magana.

Damanar bara na tafi da wani abokina garinmu, cikin jihar Maraɗi. Yana shekara ta ukku a lisans ɗin noma, kuma ba ya wasa da karatu. Muka shiga gonar Kawu. Ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya murza, ya hau bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Kawu ya saurara har ya gama, sannan ya ce: "To ɗana, wagga da kake riƙe da ita, jigawa ce ko geza?" Abokina ya juyo ya dube ni. Ni da ban taɓa leƙa ɗakin gwajin ƙasa ba, ni na zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe. A hanyar komawa ya ce mini: "Wallahi na san ƙasar, sunan ne ban sani ba." Ban yi mashi dariya ba. Shekara ukku ana cika mashi kai da Faransanci da Latin, ba a taɓa tambayar shi a jarrabawa mi manomi ke kiran abin ba.

Kuma tambayar Kawu ba ta wasa ba ce. Jigawa rairayi ce, tana shan ruwa nan take, tana da sauƙin noma, gero na son ta. Geza ta fi tauri, ruwa na gudu a kanta, ba a gaggawar shuka ta da yayyafin farko. Fadama kuwa laka ce mai riƙe ruwa. Cikin kalmomin nan akwai lokacin shuka, da irin da za a sa, da ƙarfin da aikin zai ci. Wanda bai san su ba, ta ina zai fara ba da shawara?

Ba ilimi ne babu a Nijar ba. Ana karatun noma a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa. INRAN na bincike tun 1975, ga ICRISAT a Sadore, ga AGRHYMET a Yamai. Matsalar tana kan hanyar ƙarshe, daga allo zuwa gona, kuma hanyar nan da baki ake bin ta.

Ku dubi abin da ya karɓu a ƙauyukanmu. Tun wajajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ke aiki a Maraɗi, aka fara ƙarfafa manoma su daina share gona ƙaf, su bar tohon kututturen sabara da kalgo da gawo, su rage rassa su bar masu ƙarfi. A takardu abin na da dogon suna na Faransanci. A ƙauye sunan shi sassabin zamani. Kowa ya san sassabe, don haka kowa ya gane inda aka dosa, manomi ya gaya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ga kuma takin zamani. A littafi za ka ga kilo 60 na NPK a hekta guda, ramin shuka 10,000, wato giram 6 a kowane rami. Je ka faɗa wa Kawu haka. Ba ya da sikeli, kuma bai taɓa auna gonar shi da hekta ba. Amma ka ce mashi "cikin marfin kwalbar lemo guda a kowane rami", an gama magana. Wanda ya mai da giram 6 marfin kwalba ya yi aikin kimiyya daidai da wanda ya gano giram 6 ɗin.

In an rasa wannan aikin, ba kunya kawai ake ji ba. Ku shiga kasuwa ku dubi kwalaben maganin ƙwari: bayanin da Faransanci ne ko Ingilishi. Nawa za a zuba, kwana nawa za a jira kafin a tsinki tumatir, duk yana rubuce cikin harshen da mai feshin ba ya karantawa. Sai ya zuba da ƙiyasi, mu kuma mu saya mu ci.

Na san amsoshin da za a ba ni. Ta farko: "Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, yaya za ka ce azot?" To, Faransanci ma ba da ita aka haife shi ba. Lavoisier da abokan aikin shi ne suka ƙera kalmar daga Girkanci, ta shiga tsarin sunayen da suka fitar a 1787. Mutane ne suka zauna suka yi. Harshen da ya haɗiye "mota" da "lakkol" bai sarƙe ba, ba zai sarƙe da azot ba.

Ta biyu: "Ai ɗaliban ma Hausawa ne." Hausar fada da shan shayi daban, Hausar gona daban. Ɗan birni nawa ne ya san ƙuduji in ya gan shi tsakanin gero, ko murzuna in ta ci zangarniya? Ga ɗan Dosso da za a tura Tasawa, ga ɗan Tasawa da za a tura Tilaberi. Maganata ba ta Hausa kaɗai ba ce: Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, duk harshen da gonar ke ji.

Ta ukku: "Kimiyya ta duniya ce." Gaskiya ne. Ban ce a jefar da Faransanci ko Ingilishi ba. Ku karanta da su, ku rubuta da su. Amma wanda zai zuba irin cikin rami ba a Faransa yake ba.

Abin da nake nema ukku ne. A sa darasin harshen ƙasa na aikin gona cikin lisans ɗin noma, mai maki, wanda za a iya faɗuwa. Duk wanda ya yi bincike a ƙauye ya koma ya faɗa wa mutanen abin da ya gano da harshensu, kafin a ba shi takarda. Sannan a haɗa ɗaliban noma da na harsuna lokacin fita ƙauye, ɗaya na auna ƙasa, ɗaya na rubuta sunanta.

Mu ƴan harsuna ma kada mu wanke hannu. Muna zaune muna zana bishiyar jimla a allo, tsofaffin da suka san sunan kowane haki suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma kundi ba zai je gonar Kawu ba, mu ne za mu je.

Abokina ya sayi ƙaramin littafi, ya ce bana tare za mu koma. A shafin farko ya rubuta jigawa, geza, fadama. Saura ku.