Malami da Labarin Dodo: A Hana ko a Karanta?

Akwai wata gardama da takan tashi tsakanin iyaye da malamai duk lokacin da aka kama ɗalibi da littafin ban tsoro a ƙarƙashin tebur. Wasu sukan ce a ƙwace a hori yaron, domin labarin aljannu da fatalwa ba ya haifar da kome sai mugun mafarki. Mu dai a ganinmu, kafin a ƙwace, malami ya fara karantawa tukuna.

Tsoratarwa domin koyarwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, kakanninmu suna tara jikoki da dare su ba su tatsuniyar Dodo, wanda yakan haɗiye yaron da ya ƙi jin magana, amma daga ƙarshe a sami mai dabarar da zai ga bayansa. Alhaji Abubakar Imam ma yana malami ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933, kuma akwai aljannu a cikinsa. Ba mu taɓa jin wanda ya ce littafin ya lalata tarbiyyarsa ba.

Mu dubi Stephen King na Amurka, wanda ya yi suna a duniya wajen irin wannan rubutu. An haife shi a jihar Maine a 1947. A 1971 ya fara koyar da Turanci a sakandaren Hampden Academy, yana aji da rana, yana rubutu da dare. Littafinsa na farko da aka buga, Carrie, ya fito a 1974. Labari ne na wata ɗaliba da 'yan ajinsu suka addaba da ba'a da wulaƙanci, har abin ya zama bala'i ga garin duka. Ashe dodon da ke cikin littafin ba daga daji ya fito ba, daga aji ya fito. Ɗalibin da ya karanta shi da hankali zai ji kunyar cin zalin ƙaramin da ke ɗakin kwanansu.

Amma kowane abu da iyakarsa, kuma King da kansa ya nuna haka. A 1977 ya fitar da Rage, labarin ɗalibin da ya tsare 'yan ajinsu da bindiga. Da aka sami harbe-harbe a wasu makarantu aka kuma danganta su da littafin, shi ya nemi a daina buga shi. A 1999 ya tsaya gaban taron ma'aikatan laburare a jihar Vermont ya bayyana dalilinsa. Wannan shi ne halin malami: ya fifita ran ɗalibi a kan ciniki. A 2015 Shugaba Obama ya rataya masa lambar girmamawa ta ƙasa.

To, mu nan ba daga littafi muka san tsoro ba. A daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Jangebe, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Wannan dare ba abin nishaɗi ba ne, kuma ba ma son kowa ya mayar da shi haka. Sai dai yaron da ya girma cikin irin wannan fargaba yana bukatar hanyar faɗin abin da ke cin ransa. Ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓewa. Labarin da aka kayar da Dodo a ƙarshensa yana koya masa cewa tsoro yana da suna, yana kuma da iyaka.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su tace irin waɗannan littattafai, su ajiye masu kyau a laburare, a riƙa tattauna su a aji. Ku kuma ɗalibai, in kun tafi hutu Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ku zauna wurin tsofaffi ku rubuto mana tatsuniyoyin Dodo da suka sani, mu buga mafi kyau a fitowa ta gaba.