Shekara Biyu a Garin Wasu

 

A nan jihar Katsina, da zarar an ce 'yan sa-kai, masu gadin gari da dare ne ke faɗo mana a rai. Amma kalmar ta fi haka faɗi. Duk wanda ya ba da kansa ga aikin taimakon jama'a ba don albashi ba, ɗan sa-kai ne. Zancenmu na yau a kan wani iri ne daga cikinsu: mutumin da ke barin ƙasarsa ya tafi wata, ya zauna shekara biyu cur yana koyarwa, ko aikin lafiya, ko na gona, ana ba shi ɗan abin da zai ci kawai. Yaya yake rayuwa a can? Kuma me ke raba wanda ya ci ribar zaman da wanda ya koma gida hannu rabbana?

Misali mafi kusa da mu yana ƙetaren iyaka. Daga Dutsi, in ka bi ta Daura ka kai Kwangwalam, ka shiga Nijar ke nan, hanyar Matamaye da Damagaram. Ƙauyukan wannan yanki da na Maraɗi sun daɗe suna saukar samari da 'yan matan Amurka na ƙungiyar Peace Corps, wadda shugaba John Kennedy ya kafa a 1961. Sun fara zuwa Nijar a 1962, kuma kafin a dakatar da shirin a watan Janairun 2011 saboda matsalar tsaro, fiye da mutum 3,000 sun yi aiki a ƙasar.

A shekarun baya-bayan nan na shirin, sabon zuwa yakan fara da horo na wajen wata biyu zuwa uku a garin Hamdallaye, kusa da Yamai. A nan ake haɗa shi da gidan da zai riƙa kwana da cin abinci, a koya masa Hausa ko Zabarmanci, a kuma raɗa masa suna irin na gari. Daga nan sai a kai shi ƙauyensa, sau da yawa shi kaɗai. Ɗakin ƙasa ne da ɗan tsakar gida, babu lantarki, babu famfo. Ruwa daga rijiya, abinci tuwon hatsi da miyar kuka, da rana a dama fura. Lokacin bazara a tsakar gida yake kwana cikin gidan sauro, kamar kowa.

Tafiye-tafiyensa ma irin namu ne. In zai je birni karɓar wasiƙu ko ɗan kuɗin guzurinsa, sai ya jira ranar kasuwa, ya taka da ƙafa ko ya hau amalanke zuwa bakin hanya, ya zauna a tasha har mota ta cika. Ya shiga a matse shi tsakanin buhunan wake da akuyoyi. Tafiyar da za a yi cikin awa biyu sai ta cinye yini.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne umarnin da akan ba su na watannin farko: kada su yi gaggawar fara wani babban aiki, su zauna su san mutane tukuna. Ku duba, mutum ya gama jami'a, ya ƙetaro teku da niyyar taimako, sai a ce aikinsa na farko shi ne gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya sanyi. Ya je suna, ya je biki, ya je gaisuwar rasuwa, ya zauna a gindin bishiya tare da dattawa yana jin hirar da rabinta kawai yake ganewa, yara suna dariyar Hausarsa. Dalilin a fili yake. Wanda bai san wa ke faɗa a ji a gari ba, bai san lokacin da mata ke samun sarari daga daka da ɗiban ruwa ba, ko ya kira taro shi kaɗai zai zauna.

Akwai labarin mutum biyu da ke nuna amfanin wannan haƙuri, kuma a Najeriya ya faru. Rukunin farko na 'yan Peace Corps ya iso ƙasar nan a 1961, aka sauke su a kwalejin jami'a ta Ibadan don horo. A watan Oktoba, wata budurwa daga cikinsu, 'yar shekara 23, ta rubuta wa wani abokinta na Amurka katin wasiƙa, irin wanda ake aikawa a buɗe ba ambulan. A ciki ta bayyana yadda talauci da ƙazantar da ta gani a titi suka girgiza ta. Katin bai kai Amurka ba, a hannun ɗalibai ya faɗa. Suka kwafe shi suka rarraba, suka yi taron nuna fushi, jaridun duniya suka ɗauka. Ku tuna, shekara ɗaya ke nan da samun 'yancin kai, mutane ba su shirya jin raini daga baƙo ba. Cikin 'yan kwanaki ta bar ƙasar, ko aji ɗaya ba ta kai ga koyarwa ba. Ba lallai ne ta yi nufin cin mutunci ba. Makonni kaɗan ta yi, ta yanke wa ƙasa guda hukunci da abin da ido ya gani daga bakin titi.

A cikin wannan rukuni akwai wani saurayi, Paul Newman. Shi an tura shi Maiduguri, ya koyar a makarantar sakandare har 1963. Zaman ya sa masa son harsunan yankin, ya koma ya yi digirin digirgir a kansu, ya dawo Kano a shekarun 1970 ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Najeriya a kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero. A 1977 shi da matarsa Roxana Ma Newman suka fitar da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci. A 2000 ya wallafa littafin nahawun Hausa mai shafi fiye da 700, wanda mu ɗaliban jami'a har yau muke komawa gare shi. Ku leƙa laburaren makarantarku, wataƙila ku tarar da ƙamusun a can.

Haka Russell Schuh, wanda ya yi nasa aikin sa-kai a Nijar a tsakiyar shekarun 1960, a shirin yaƙi da jahilci na manya. Da yake sunansa da Jamusanci yana nufin takalmi, sai aka laƙaba masa Malam Takalmi. Ya zama farfesa a birnin Los Angeles, ya yi shekaru yana zuwa Potiskum yana aiki a kan harsunan Yobe irin su Ngizim da Bade da Bolanci, har ya rasu a 2016. Dukansu biyu da sunan koyarwa suka zo, amma da suka zauna suka saurara, abin da suka koya ya zama aikin rayuwarsu.

Kada ku ɗauka mu kullum masu karɓar baƙi ne. Tun 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ta kafa nata shirin mai suna Technical Aid Corps. Ana tura malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na tekun Fasifik, su ma na shekara biyu. Wani ya tsinci kansa a Gambiya, wani a Uganda, wani a Jamaika. Shi ma zai sha mamakin abincin garin, zai yi kewar tuwo, za a yi dariyar yadda yake furta kalmomi. Wata rana ɗayanku na iya zama shi.

Ko ba ku ƙetare iyaka ba, bautar ƙasa tana jiran duk wanda ya gama jami'a a kan lokaci, tun da aka kafa ta a 1973. Za a iya jefa ɗan Dutsi a Ebonyi ko Bayelsa, inda ba ya jin ko kalma ɗaya. Ranar za ku ga abubuwan da za su ba ku mamaki, har da waɗanda ba za su yi muku daɗi ba. Kuma ga waya a hannu. Katin waccan budurwa sai da wani ya tsince shi kafin ya jawo rigima. Naku rubutun na Facebook ko bidiyon TikTok ba ya buƙatar mai tsinta, cikin minti ɗaya ya kai ga mutanen da kuka yi wa dariya, waɗanda gobe za ku nemi ruwa a gidansu. Magana zarar bunu ce. Shawarata, ku ba gari wata uku kafin ku faɗi ra'ayinku a kansa, kuma ku fara koyon gaisuwarsa kafin komai.

Ga ɗan aikin wannan mako. Idan akwai ɗan bautar ƙasa a makarantarku, wanda ya zo daga nesa, ku same shi bayan an tashi. Ku tambaye shi yadda ake gaisuwar safe da godiya da ban kwana a harshensu, ku rubuta kalma goma, ku ma ku koya masa goma na Hausa. Ku tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala tun zuwansa, ku ga ko akwai wanda za ku iya sauƙaƙa masa. Ku aiko mana da kalmomin da sunan harshen da na makarantarku, za mu buga waɗanda suka fara isowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.