Waƙa Ba Hujja Ba Ce

Wai shin yaushe amshin waƙa ya zama hujja? Daga Hausari har Kasuwar Monday, ka tambayi yaro me ya sa yake bayan wane, sai ya rera maka waƙa.

Ku saurari waƙoƙin siyasar nan da kyau. Duk wanda ya soki gwanin mawaƙi, wai mahassadi ne. To mu ɗauka mahassadin ne, in ya ce babu wuta a Gwange, zaginsa zai kawo wutar? Sai kuma a ce jama'a duk suna bayan wane, don haka shi ke da gaskiya. Taro ai ko ɗan dambe yana tarawa.

Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Buhari waƙa a 2015 da 2019, ƙannenmu suka haddace kamar karatun allo. A 2023 shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida Buhari ya lalata ƙasa. Sana'arsa yake yi, kamar yadda babana ke yabon atamfarsa, amma mai sayen atamfa yakan murza ta kafin ya biya. Ƙannen nan kuwa da suka ɓata da abokansu a kan waƙar, har yau wasunsu ba sa gaisawa.