RA'AYINMU: AGOGON MILIYOYI, LOKACIN BANZA

A watan Oktoban 2017 kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani tsohon agogon hannu ƙirar Rolex Daytona a birnin New York na Amurka a kan dala miliyan 17.8. Ba zinare ba ne, ƙarfe ne. Abin da ya ɗaga shi kawai shi ne ya taɓa zama a hannun ɗan fim ɗin nan Paul Newman. Kafin nan, a 2016, an sayar da wani Patek Philippe na 1943 a Janeba a kan kimanin dala miliyan 11, saboda guda huɗu kacal aka sani irinsa na ƙarfe.

'Yan'uwa su lura, irin waɗannan agogunan na wani ba su kai agogon batir da ake sayarwa a kasuwar Kalgo daidaita lokaci ba. Ke nan ba lokaci ake saye ba. Suna ake saye, da alfaharin mallakar abin da wani bai da shi.

Kada wani ya ɗauka cutar ta tsaya a Turai. A 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ƙawa na kimanin dala miliyan 40 da hukumar EFCC ta alaƙanta da tsohuwar ministar man fetur, Diezani Alison-Madueke. A cikinsu har da agogunan hannu 189. Hannu biyu, agogo 189! Alhali manomin shinkafa a fadama yana neman bashin taki.

Abin takaici, yanzu samarinmu ma sun kamu. Za ka ga matashi ya ci bashi ya ɗaura jabun Rolex domin hoton Sallah, ga agogo a hannu amma Asuba ta wuce shi yana barci.

Mu a Gwandu ba mu da uzuri. A nan kabarin Shehu Abdullahi bin Fodiyo yake, mutumin da ya bar rundunar jihadi ya nufi Makka lokacin da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta masu Diya'ul Hukkam. Shekara kusan 200 da rasuwarsa, har yau littattafansa ake karantawa, ba kayan adonsa ake gwanjo ba.

Ba mu ce ɗaura agogo laifi ba ne. Ka sayi wanda ƙarfinka ya kai, ya tashe ka sallah, ya kai ka makaranta da wurin sana'a a kan kari. Amma lallai mu sani, Allah Ta'ala da lokaci Ya yi rantsuwa a Suratul Asri, kuma za a tambayi kowa yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da inda ya samo dukiyarsa. Ranar babu mai gwanjon da zai sayo maka minti ɗaya.

Allah Ya sa mu dace.